Idon Igwa

Kilishina ne ya fara faɗawa hannun hukuma, tun ban ga komai na ƙasar Ostireliya ba. Gwaggona ta Damagaram ce ta aiko da shi har Kano, ƙunshi biyu, ta ce in kai wa jikanta da ke karatu a Sidini, wato ɗan ƙanwata. Tun a cikin jirgi aka raba mana kati mai tambayoyi: kana ɗauke da nama, ko tsaba, ko itace? Na rubuta gaskiya. Da muka sauka wata ma'aikaciya ta warware ƙunshin, ta shinshina, ta ce ƙamshi kam akwai shi, amma irin wannan nama ba ya shiga ƙasarsu. Ina ji ina gani aka zuba shi a kwandon shara. Da na ba yaron labari a mota, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Kawu, ai na faɗa maka a waya. Gara ma da ka rubuta. Da ka ɓoye aka kama, tarar da za su ci ka sai ta sayi sa sukutum."

Watan Yuli ne. Na baro gida ana tsakiyar damina, na tarar da su cikin hunturu. Ranar Juma'a muka je Lakemba, unguwar da Musulmi suka fi yawa, muka yi salla a babban masallacin 'yan Labanan, sannan muka shiga wani shagon abinci. A nan wani dattijo da ke teburin kusa da mu ya ji muna Hausa, ya juyo ya ce, "Sannu da zuwa, yaya gajiya?" da irin karin harshen nan na Kwarori da duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ya sani. Ashe ɗan baffansa ya daɗe yana sayar da atamfa a Kano, shi ma ya taɓa zuwa ya yi 'yan watanni. Mutumin wani ƙauye ne a kudancin Labanan. Hira ta yi daɗi, da gurguwar Larabcina da gurguwar Hausarsa, yaron yana cike mana giɓi.

Can ya ce, "Hajji, ka san gwamnan da ya fi kowa daɗewa a kan kujerar wannan jiha, ƙafarsa ɗaya a ƙasarmu ya baro ta?"

Na ɗauka zolaya ce. Ya ce a'a, Roden Cutler sunansa, sojan igwa ne. Ya ce mahaifinsa yana saurayi aka yi yaƙin, yakan ba su labarin yadda Ingilishi da 'yan Ostireliya suka taso daga kudu, Faransawa suna kan tuddai suna jiransu. "Da baƙaƙen sojoji irinka, Hajji, mu Sinigal muke ce musu." Wannan magana ta ƙarshe ta shiga kunnena ta wuce, hankalina yana kan gwamna mai ƙafa ɗaya. Kafin mu tashi na ce wa yaron ranar Asabar sai Kanbera, babban birnin ƙasar, inda aka ce lambar jarumtar mutumin take.

Yaƙin da dattijon ke nufi gajere ne, har a Ostireliya ba kowa ya san shi ba. Bayan Jamus ta murƙushe Faransa a watan Yuni na 1940, Faransawa sun rabu gida biyu: gwamnatin Vichy ƙarƙashin Marshal Pétain da ta yi sulhu da Hitila, da Janar de Gaulle da ya ƙi. Rabuwar har maƙwabtanmu ta taɓa, domin Nijar ta zauna a hannun Vichy, Cadi kuwa gwamnanta Félix Éboué ya bi de Gaulle tun watan Agusta na shekarar. Siriya da Labanan su ma a hannun Vichy suke. A watan Mayu na 1941 jiragen yaƙin Jamus suka riƙa sauka a Siriya kan hanyarsu ta zuwa Iraƙi, Ingila ta ga wuta na neman kama gemunta. Ranar 8 ga Yuni aka kutsa daga Falasɗinu, Runduna ta 7 ta Ostireliya ce ƙashin bayan farmakin. An yi zaton Faransawa za su harba 'yan harsasai don fita kunya su miƙa wuya. Suka yi tsayin daka mako 5. Ostireliya ta rasa mutum 416, sama da 1,100 suka ji rauni, kuma a lokacin an taƙaita labarin a jaridu, don ba abin alfahari ba ne a ce ana kashe juna da abokan ƙawancen jiya.

Da asuba muka kama hanya, tafiyar kamar kilomita 280. Tun ba mu fita daga Sidini ba yaron ya nuna mini wata babbar mahaɗar titunan sama, ya ce sunan Cutler aka sa mata. Hanyar kanta ta tunawa da sojoji ce: wuraren hutawar matafiya da ke gefenta an raɗa musu sunayen waɗanda suka sami lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta a ƙasashen da ke ƙarƙashin sarautar Ingila. Ka tsaya kama ruwa, ka karanta tarihin wani. A Goulburn muka sha mai kusa da wani rago na siminti mai tsayin mita 15, wanda suka gina don girmama ulu da ya yi wa yankin arziki. Na ce wa yaron wannan ko layyar gari guda ce ya wadatar. Sauran hanyar filaye ne da tumaki da itatuwan turare, ba abin da zan ce a kai.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wata igwa da na hango a wani ƙaramin gari, an girke ta gaban kulob ɗin tsofaffin sojoji. Irinta Cutler ya yi aiki da ita, mai harsashin fam 25. Na zaci zan ga dodo, sai na ga abu ɗan madaidaici mai taya biyu, an shafa masa koren fenti har ya yi kauri, an toshe bakinsa don kada yara su cusa shara. Na ɗora tafin hannuna a bakin, faɗinsa bai fi na kofin shayi ba, milimita 88 ne ko ƙasa kaɗan. Ƙarfen ya yi sanyi ƙalau. A gaba akwai garkuwar ƙarfe da mutum zai raɓe a bayanta, a ƙasa kuma wani faifan ƙarfe da ake ɗora tayoyin a kai, yadda za a iya juya igwar ta fuskanci kowace kusurwa ba tare da an tumɓuke ta ba. Mutum 6 ke yi mata hidima. Harsashinta kilo 11 ne da ɗoriya, kamar kwano huɗu da rabi na masara, kuma tana jefa shi nisan kilomita 12.

Wannan nisa shi ne matsalar. Waɗanda ke bayan igwa ba sa ganin abin da suke harbi, tudu ko gari ya tare musu. Dole wani hafsa ya tafi gaba, wani lokaci gaba da sojojin ƙasa ma, ya sami wurin da zai hangi abokan gaba, da taswira da tabarau mai jawo nesa. Yana tafe ana warware masa wayar tarho a ƙasa tun daga inda igwogin suke. Sai ya ce a harba ɗaya. Ya duba inda ƙura ta tashi, ya ce a ƙara nisa, a rage, a karkata dama. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da harbi kaɗan gwani zai kai harsashi daidai kan hanya ko gida, a rubuta lissafin a ajiye, ko da tsakar dare aka so sai a sake jefawa nan. Duk aikin a kan siririyar wayar nan ya rataya. In tsautsayin harsashi ya tsinke ta, igwogi sun makance, sai wani ya bi ta da rarrafe yana lalube har ya kai inda ta katse ya ɗaura. Su ma abokan gaba sun san da haka, shi ya sa babu wanda suke nema ruwa a jallo kamar mai leƙen. Aikin Cutler ke nan.

Mun shiga Kanbera da hantsi, raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat. Gidan tunawa da yaƙin yana gindin dutsen Ainslie. In ka tsaya a matakalarsa, wani faffaɗan titi mai jar tsakuwa a tsakiya ya miƙe sambal, ido ya tsallake tafki ya sauka kan majalisar dokoki. An buɗe shi ranar 11 ga Nuwamba 1941, wata huɗu kacal bayan yaƙin Labanan, ana tsakiyar wani yaƙin ana buɗe gidan tunawa da na baya. Shiga kyauta ne.

A zauren jarumai na sami lambar Victoria Cross ta Cutler. Ƙaramar aba ce ta tagulla mai duhu, rataye da jan ƙyalle, ba ƙyalli ba ado. Sauran lambobin da ke jere da ita duk sun fi ta ɗaukar ido. Da ƙarfen tsofaffin igwogin da aka kama a yaƙi aka saba ƙera ta, kuma a duk sojojin igwa na Ostireliya Cutler kaɗai ya taɓa samunta. An haife shi a Manly, bakin teku a Sidini, a 1916. Dogo ne na sosai, ya kusa mita 2, abin da na ce a raina ba baiwa ba ce ga mai aikin ɓuya. Yana da shekara 25, laftanar a rajimantin igwa ta 2/5, lokacin da abin ya faru.

Garin Marjayun yana kan tudu a kudancin Labanan. 'Yan Ostireliya sun kama shi a farkon farmakin, Faransawa suka dawo da tankoki suka ƙwace. Ranar 19 ga Yuni aka koma nemansa, wuta ta tsayar da sojojin ƙasa. Cutler da wani hafsa da 'yan mutane kaɗan suka wuce gaba suka shiga wani gida suka mai da shi wurin leƙe. Waya ta tsinke, ya fita cikin ruwan harsasai ya ɗaura ta ya dawo. Faransawa suka gane daga inda bala'in ke zuwa, suka auko wa gidan da sojoji da tankoki. Aka kashe mai bindigar Bren, wato bindiga mai sarrafa kanta, ɗaya hafsan ya ji raunin da ya zama ajalinsa. Cutler da mutum ɗaya suka ɗauki Bren ɗin da wata doguwar bindigar harbin tanka, suka yi ta yi har maharan suka ja da baya. Ya tsaya aka kwashe masu rauni.

A nan ni da zan ce na yi mai wuyar in koma. Shi kuwa umarnin da aka ba shi bai cika ba: a saita igwogi a kan hanya ɗaya tilo da motocin Faransawa ke shiga garin. Ya nemi masu sa kai, suka ci gaba, ana raguwa ana raguwa har ya rage shi da mutum ɗaya suka kai cikin garin, alhali sojojin haya na Faransa, rundunar nan ta baƙi 'yan ƙasashe daban-daban, suna ciki. Yana ganin ana taruwa ta hagunsa za a datse masa hanya, ya zauna ya gama lissafinsa ya aika. Aka datse ɗin. Ya laɓe har dare ya yi, ya sulale ta tsakaninsu ya koma. Daren 23 ga wata kuma aka ba shi igwa guda ya kai ta har bakin daga, ya tarwatsa wata bindigar harbin tanka da ta hana ruwa gudu. Washegari Marjayun ta koma hannunsu.

Ƙafar a Damur ta tafi, garin gonakin ayaba a bakin teku, shingen ƙarshe kafin Bairut. Ranar 6 ga Yuli ya fita jawo waya zuwa wurin leƙensa, harsashi ya same shi. Awa 26 yana kwance ba a iya kai gare shi ba, cikin zafin Yulin Labanan. Ko da aka ɗauko shi raunin ya ruɓe, sai yankewa. Kwana 6 bayan harbinsa aka tsagaita wuta, ranar 14 ga wata aka sa hannu a Akka.

Abin da ya biyo baya doguwar rayuwa ce ta manyan kujeru: jakada a New Zealand, da Silon (Sri Lanka ta yau), da Masar a shekarar rikicin Suwez, da Pakistan, da Holan, sannan gwamnan jihar New South Wales daga 1966 zuwa 1981. Gwamna a wurinsu ba irin namu ba ne mai rabon kwangila, wakilin sarautar Ingila ne, firimiya ke riƙe da mulki. Ya rasu a 2002. Ban daɗe a wannan ɓangaren ba.

Inda na daɗe shi ne zauren da ke ƙarƙashin ƙubba, inda aka binne wani soja da ba a san sunansa ba, wanda aka tono daga wata maƙabarta a Faransa a 1993. Bango da rufin an lulluɓe su da 'yan ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi sama da miliyan 6, ga tagogi 15 masu zane. Na matsa har hancina ya kusa taɓa bangon: kowane gutsure bai fi farcen yatsa ba, kuma ba a kwantar da su daidai wa daida ba, don haka haske ke wasa a kai in ka motsa. Wanda ya tsara aikin, Napier Waller, ashe shi ma sojan igwa ne. A watan Mayu na 1917, a Bullecourt ta Faransa, aka raunata shi har aka cire masa hannun dama, shi da yake mai zane. Yana jinya ya koya wa hannun hagu. Yaron ya raɗa mini, "Kawu, ka ga 'yan igwar nan, ɗaya ba ƙafa, ɗaya ba hannu." Na ce masa ya yi shiru, wurin kabari ne.

Muna zaune muna shan shayi a waje maganar dattijon Lakemba ta dawo mini. Sinigal. Na sa yaron ya bincika a wayarsa, muka karanta tare. Rundunar da Janar Dentz ya jagoranta wa Vichy ba Faransawa zalla ba ne. Akwai 'yan Aljeriya da Tunisiya da Maroko, akwai kuma bataliyoyin da ake kira 'yan Senegal. Sunan ne kawai na Senegal. Faransa daga duk yankunanta na Afirka ta Yamma take ɗibarsu, har da Nijar. A ɓangaren de Gaulle kuma, cikin waɗanda suka nufi Dimashƙa akwai bataliyoyin da aka haɗa a Cadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Wato a ƙasar Sham, a 1941, baƙi ya harbi baƙi, kowanne da tutar Faransa a gabansa, a kan rigimar da aka ƙulla a wani birni da ba su taɓa gani ba.

Shayin ya huce a hannuna. Tun safe ina bayan igwa, ina bin waya, ina yi wa dogon saurayin nan fatan kuɓuta, kuma har yanzu ina ganin namijin duniya ne, ban rage masa komai ba. Amma duk "ƙara nisa, karkata dama" da aka faɗa a wayar nan a yaƙin, a kan wasu mutane harsashin ya sauka, kuma cikinsu akwai masu kama da ni. A gidanmu akwai irin wannan labari. Mu na wannan gefen iyaka 'yan Boma muka sani, tsofaffin da suka yi wa Ingila yaƙi da Japan suka dawo da labarin daji da ruwan sama. Danginmu na Damagaram kuwa Faransa ce ta ɗebi nasu. Ƙanen kakana yana ciki, an tafi da shi shekarar da aka fara yaƙin Hitila, bai dawo ba, takarda ma ba ta zo ba.

Da la'asar muka hau barandar sunaye. Allunan tagulla ne dogaye a bango biyu, sunaye sama da 102,000 na waɗanda suka mutu, an jera su rukuni-rukuni bisa rundunoninsu, ba muƙami ba lamba, janar da kurtu duk suna ne kawai. Mutane suna sayen jan fure na ƙyalle su soke a tsagar da ke tsakanin alluna kusa da sunan nasu, har wani wurin ja ya rufe tagullar. Sunan Cutler ba ya nan, tunda ya rayu. Na sayi fure ɗaya ban yi tunani ba.

"Kawu, wa za ka sa wa?"

Muka bi bango har muka sami allon rajimantinsa. Na soke furen a tsagar, saboda mai Bren ɗin nan da hafsan da suka shiga gidan Marjayun tare da shi. Wata tsohuwa da ke gefe ta dube ni da hulata da babbar rigar sanyi a kan kaftani, ta yi murmushi, ta matsa mini.

Kafin a rufe gidan kullum ana ɗan taro a bakin kwarmin ruwan da ke tsakiyar farfajiya. Aka busa wata algaita mai salka irin ta mutanen Sikotlan, aka ajiye furanni, wani soja ya karanta tarihin mutum ɗaya daga cikin sunayen bangon: garinsu, sana'arsa, iyayensa, ranar da ya mutu. Kowace rana mutum ɗaya. Yaron ya yi lissafi da yatsu ya ce a haka sai sun haura shekara 280 kafin su gama. Aka busa begila, aka watse. Yatsun ƙafata sun daina jin komai don sanyi.

A hanyar komawa ya rage gudu saboda dabbar kangaru da ke faɗo wa titi da magariba. Muka tsaya a ɗaya daga wuraren hutawar nan muka haɗa magariba da lisha a kan tabarmar da ke bayan motarsa, alwala da ruwan gora mai kama da ƙanƙara. Na duba agogo, a Damagaram hantsi ne. Na kira Gwaggo. Bayan gaisuwa na tambaye ta labarin baffanta da Faransawa suka ɗauka.

"Ikon Allah. Wa ya tono wannan zance?"

Ta ce ita ba ta tashi ta gan shi ba. Abin da ta ji wurin mahaifinta, an yanka wa kowane gari adadin samarin da zai bayar, mai gari ya nuna gidansu. Sau ɗaya ya zo sallama, da jar dara a kansa da kaki, yara suna binsa. Bayan shekaru wani da ya dawo ya ce ya gan shi a bakin teku ana lodinsu a jirgin ruwa. Iyakar abin ke nan. Ta yi masa addu'a, na ce amin.

Sai ta ce, "Ina jikan nawa? Kilishin ya isa?"

Na dubi yaron, ya kau da kai yana danne dariya.

Na ce, "Ya iso ƙasar lafiya, Gwaggo."